Wayar Birkin Kwano

A kan amalanke aka dawo da babur ɗin Kwano tasha, kansa a karkace, madubi ɗaya ya tafi, tankin ya loɓa kamar wani ƙato ya zauna a kai. Tun kafin a sauke shi masu babur suka yi masa zobe, kowa na faɗin abin da ya jiyo. Kwano yana asibiti, bai san inda kansa yake ba. Malamar makarantar da ya ɗauko ta karye a hannu. A kan babban titi abin ya faru, bayan wata tirela.

Shugaban tasha ya matsa hannun birkin gaba, ya ji shi sakayau, ba ya riƙe komai. Ya bi wayar da yatsa har ƙasa, ya zaro ta. A tsinke take, ta yi tsatsa jawur.

"Wai wannan ce sabuwar wayar?" in ji shi.

Kowa ya san a satin nan Kwano ya canja wayar birkinsa, a gaban idon jama'a, a rumfar Bakanike da ke bakin tasha. Kuma ba mutum ne mai wasa da kayan aikinsa ba. Sunan ma daga nan ya samo shi: ba ya hawa sai da hular kwano, ga wata a rataye ta fasinja, in ka ƙi sawa ya ce ka nemi wani babur.

"Bakanike ne!" wani ya ɗaga murya daga baya. "Ya karɓi sabuwa ya sa masa tsohuwa!"

Nan da nan aka yi rumfar. Da ƙyar Shugaba ya sha gabansu, ya ware hannuwa.

"Ba wanda zai taɓa kowa. A kira mini Mai-Sawu."

Mai-Sawu dattijo ne siriri, mara yawan magana. Ƙuruciyarsa duk a daji ya yi ta, yana bin sawun shanun da aka sace. Da ya dawo gari sai ƙungiyar masu babur ta riƙe shi, don in aka sace babur shi ke bin tayar har ƙofar ɓarawo. Sai dai yau abin a gidansa ya faɗo, domin Kwano mijin autarsa ne. Tun farko bai so auren ba sosai. Ba wai ya ga aibun yaron ba ne, shi dai bai so ’yarsa ta zauna da mutumin da abincinsa ke tsakanin manyan motoci. Tsakaninsa da surukin nasa ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa.

Da ya iso ya karɓi wayar, ya juya ta, ya sa a aljihu.

*

A barandar asibiti ya tarar da Auta, idanunta sun kumbura. Kusa da ita ga aminin Kwano, shi ma mai babur, wanda ake kira Ba-Komai saboda duk abin da ya same shi haka yake cewa. Shi ke ta kai da kawo, ya karɓo magani, ya kira nas, ya dawo ya tsaya jikin bango.

"Baba, sun ce ƙafarsa ta karye biyu," in ji Auta. "Sun ce ba don hular ba..." Ta kasa ƙarasawa. "Yau fa ba zai fita ba. Ya ce zai huta, ya gyara mini ƙofar ɗaki. Sai Malama ta bugo waya wai ta makara."

"Zai tashi, in Allah ya so," Ba-Komai ya ce. "Ba komai, zai tashi."

Mijin Malama ya fito daga ɗakin mata, ransa a ɓace.

"Kai ne surukin nasa? To ka sani, ba zan bar maganar nan ba. Mutum ya ɗauki matar mutane a kan ruɓaɓɓen babur, yana tsere da tirela!"

"Ka yi haƙuri," in ji Mai-Sawu. "Zan iya ganin Malama?"

Tana zaune, hannunta a ɗaure. Ya yi mata sannu, sannan ya tambaye ta abin da ta tuna.

"Ba gudu yake ba, Baba. Ni ce ma nake ce masa ya ƙara, ya ƙi. Kawai sai tirelar ta ja birki. Na ji babur ɗin ya fara tsayawa, sai wani abu ya ce ƙas. Ya ce mini, 'Malama, riƙe ni, kada ki motsa.' Ko ihu bai yi ba. Daga nan sai na gan ni a cikin yashi."

"Tsoro ne ya sa take ganin haka," mijin ya ce.

Mai-Sawu ya yi musu sallama.

*

Tirelar na nan a gefen babban titi, direbanta zaune a inuwarta ya yi tagumi. Wasu sun ce shi ya banke Kwano. Mai-Sawu ya zaga bayan motar, ya shafa ƙarfen da tafin hannu. Ƙura ce kwance, ko ƙwarzane babu.

"Wallahi ban taɓa shi ba," in ji direban. "Wata ƙaramar mota ce ta yanko gabana. In ban taka birki ba, in niƙe ta. Da na leƙa madubi na ce shi ke nan, mai babur ya shige ƙarƙashina. Sai na ga ya wuce ta gefe kamar an ja shi da igiya."

Mai-Sawu ya koma baya can nesa, ya taho a hankali, kansa a sunkuye, motoci na wuce shi fuu. Ya fara ganin baƙin sawun tirelar, mai faɗi. Sannan ya nemo na babur, ya tsuguna.

Ya sha ganin sawun mai babur da ya tsorata. Irin wannan taka birkin baya yake da dukan ƙarfinsa, taya ta kulle, ta ja baƙin layi ɗaya dogo, gindin babur ya juya ya kai mai shi inda yake gudu. Wannan ba haka yake ba. Guntu-guntu ne, kamar ɗinkin hannu. A taka, tayar na shirin kullewa a saki, a sake takawa. Kuma daga inda sawun ya fara zuwa bayan tirelar akwai tazara mai kyau, shaidar cewa ba a manne da motar yake tafe ba.

Ya bi ɗinkin. A tsakiya ya ga inda tayar ta ɗan yi tsalle, wurin da aka sauke giya don injin ya taya riƙewa. Daga nan sawun ya karkata zuwa gefen titi, amma bai sauka nan take ba, domin akwai bakin kwalbati na kankare a wurin. Sai da ya wuce kankaren, sannan ya faɗa tarin yashin da masu gyaran hanya suka bari. A bakin yashin ga jan takalmi, zurfi guda. Mai babur ya kafa ƙafarsa a ƙasa, ya bar nauyin ya faɗo a kanta, na bayansa ta zube a taushi.

Mai-Sawu ya daɗe a tsugune. Ya auna abin a ransa: birkin gaba, wanda shi ne mai ƙarfin tsayarwa, ya tsinke a hannun mutum, ga bayan tirela na taho masa, ga rai a bayansa, amma ya samu hankalin zaɓen inda zai faɗi. Abin ya burge shi, har ya ji kamar ya kira direban ya nuna masa.

"Lafiya, Baba?" direban ya tambaya.

"Lafiya lau. Ba ka da laifi. Shi ma ba shi da shi."

*

Bakanike yana cikin rumfarsa, ya ja benci ya tare ƙofa.

"Baba, sabuwa dal na sa masa, a gabansa na ɓare ledar. Ni zan kashe Kwano? Shi kaɗai ne a tashar nan ke kawo mini babur tun kafin ya lalace."

"Da me kake kwance notin birki?"

"Da sifana mana."

"Ba ka sa filaya?"

Bakanike ya ɓata rai kamar an zage shi. "Filaya a kan noti? Ai sai ɗan koyo."

Suka je wurin babur ɗin tare. Mai-Sawu ya nuna masa notin da ke riƙe wayar. Gefensa duk a tattaune, sabon cizo yana ƙyalli, haƙoran filaya sun fito ɓaro-ɓaro.

"Bayan aikina wani ya taɓa wannan," in ji Bakanike, ya sauke ajiyar zuciya.

"Wato musanya aka yi. To wa ke da sabuwar waya a tashar nan?"

Bakanike ya yi dariyar takaici. "Rabinsu. Ka manta yau da safe ƙungiya ta yi duban birki? Duk wanda nasa bai kama ba a karɓe rigarsa ta aiki. Satin nan waya kawai nake ta sawa."

Mai-Sawu ya tambayi inda babur ɗin Kwano ke kwana. A wani shago ne da ke bayan tasha, inda da yawansu ke ajiye nasu, kowa da makullinsa. Ya je ya duba. Daɓen siminti ne, an share shi tas. Siminti kuwa ba ya ba da labari.

A hanyar dawowa mutane suka yi ta tare shi da suna ɗaya: Barkono. Shi ma a shagon yake ajiye babur, kuma jiya an ji su suna cacar baki da Kwano.

Barkono bai musa ba. Yana zaune a kan babur ɗinsa, ya harɗe hannuwa.

"Ƙwarai mun yi. Ya je ya kitsa wa Shugaba wai dole kowa ya sayi hula ta biyu. Na ce masa sai na ga ƙarshen iyayinsa. Na faɗa, in an sake ma zan faɗa."

"Wayarka sabuwa ce."

"Bakanike ya sa mini, ka tambaye shi. Baba, ni in zan yi wa mutum abu, a fuskarsa zan yi. Ba na bin dare."

Bakanike ya tabbatar shi ya sa masa. Amma jama'a sun riga sun yanke hukunci. Duk inda Barkono ya gifta sai a bi shi da harara.

Da la'asar Mai-Sawu ya zauna a bencin tasha, shi kaɗai. Ƙasar wurin rairayi ce, kuma kowane mai babur yana da gurbinsa a ƙarƙashin bishiya, inda yake tsayawa kullum. Ya zuba wa ƙasar ido kamar yadda ya saba, ba don yana neman wani abu ba. Gurbin Kwano lumui yake, kamar ba a tsayawa a wurin. Na Barkono duk a tone, irin na mai shigowa a guje. Idonsa ya kai gurbi na kusa da na Kwano, ya tsaya a nan.

Ya tashi ya je ya tsuguna. Ya sa yatsa a ƙasa, ya bi wani abu. Da ya miƙe fuskarsa ba daɗi.

"Shugaba," ya ce, "gobe da safe ina son kowa a nan. Har da direba, har da mijin Malama. Kada a bari kowa ya taka ƙarƙashin bishiyar nan."

*

Da hantsi tasha ta cika. Bakanike na gefe, Barkono na tsaye shi kaɗai kamar mai ƙyanda, Ba-Komai ya zo daga asibiti, idanunsa jawur don rashin barci.

Mai-Sawu ya fara da mijin Malama. Ya zana masa sawun titi a ƙasa da tsinke, guntu-guntu, ya nuna masa tazarar, da kankaren, da yashin.

"In ba ka yarda da ni ba, sawun na nan, ka je ka gani. Birkin da ke tsayar da babur na gaba ne, na baya mataimaki ne. Da mataimakin kaɗai yaron nan ya fitar da matarka daga ƙarƙashin tirela, ya ba da ƙafarsa. Na yi shekaru ina karanta ƙasa, ban taɓa ganin hannu irin wannan ba."

Mijin Malama ya sunkuyar da kai. "To wa ya sa masa ruɓaɓɓiyar waya?"

"Ba Bakanike ba ne. Ba Barkono ba ne."

Aka fara guna-guni. Mai-Sawu ya taka zuwa ƙarƙashin bishiya, jama'a suka bi shi.

"Gurbin wa ne wannan?"

"Nawa ne, Baba," in ji Ba-Komai.

"Jiya birkinka ya kama a wurin duba?"

"Ya kama. Shugaba shaida ne."

"Ka canja waya?"

"A'a. Tawa ce ta da. Ga ta nan ma, duk baƙin mai."

Mai-Sawu ya nuna ƙasa. "Ku dubi wannan kwarin. Tayar baya ce ta haƙa shi, ba kuma a rana ɗaya ba, don har gefensa ya yi tauri. Ga jan takalmin hagu a kusa da shi. Mai wannan gurbi ya daɗe yana tsayawa da birkin baya da ƙafa. Ba ya taɓa na gaba, don ya san abin da ke jikin wayarsa, yana tsoron ta tsinke." Ya matsa kaɗan. "Yanzu ku dubi na jiya. Ga shi a sama, sabo. Ba ja, ba takalmi. Tayar gaba ce ta nutse a rairayi, babur ya tsaya cak. Mutumin da ya yi watanni yana tsoron birkinsa, me ya ba shi ƙarfin hali a dare ɗaya?"

Mai-Sawu ya zaro hankici, ya kama wayar birkin Ba-Komai, ya murza. Baƙin man ya fita, ƙarfen ya yi fari fat. Bakanike ya sunkuya ya dubi ƙarshenta.

"Tawa ce wannan lanƙwasar. Haka nake naɗe bakin waya. Shi kuwa ban sa masa komai ba."

Ba-Komai ya buɗe baki, kalmar da ya saba faɗa ta ƙi fitowa. Ya zauna daɓas a ƙasa.

"Aro na yi," ya ce, hawaye na zuba. "Wallahi aro na yi. Ya ce mini ba zai fita ba. Na ce in an gama duba in mayar masa kafin azahar, ba wanda zai sani. In suka karɓe rigata me zan kai gida? Na zo mayarwa na tarar babur ɗin ba ya nan."

"Me ya hana ka tambaye shi?" in ji Shugaba.

"Zai ce in ajiye babur sai na gyara. Kun san shi."

"Da ka ga babur ba ya nan, ka buga masa waya?" Mai-Sawu ya tambaya a hankali.

Ba-Komai ya rufe fuska da hannuwa. "Na ɗauko wayar. Na ji kunya. Na ce ai tsohuwar wayar birkin ta kai ni wata da watanni, za ta kai shi yini ɗaya."

Wasu samari suka yunƙuro. Wanda ya tare su Barkono ne.

"Duk wanda ya taɓa shi, da ni zai yi! Jiya ni kuka so ku daka, yau shi. Ku bari a bi hanya."

Shugaba ya karɓi makullin Ba-Komai da rigarsa. Shi da mijin Malama suka sa shi a tsakiya zuwa wurin ’yan sanda, bai yi gardama ba. Kafin su tafi mijin Malama ya dawo ya tsaya gaban Mai-Sawu.

"Baba, na yi maganar da ba ta dace ba. In ya farfaɗo ka ce masa zan zo da kaina."

Su kuwa sauran, ba wanda ya ce su yi, sai ga su sun hau babura sun nufi babban titi, wai za su ga sawun da idonsu kafin motoci su shafe shi. Barkono ne a gaba.

*

Kwano ya farfaɗo da yamma. Ƙafarsa na rataye, fuskarsa ta kumbura. Auta ta riga ta gaya masa komai. Da ya ga surukinsa a bakin ƙofa ya yi yunƙurin tashi.

"Kwanta," in ji Mai-Sawu. Ya ja kujera ya zauna.

"Baba, Malama fa?"

"Hannu ne, zai ɗoru."

Kwano ya kalli silin. "Da ya tambaye ni, da na kai shi wurin Bakanike da kaina." Ya juyo ya dubi surukinsa. "Laifina ma yana ciki. Da safe na matsa birkin na ji ya kama, ban sunkuya na duba wayar ba. Kuma na kasa tsayar da shi, Baba. Na yi iya yina, na kasa."

"Daga yau ka riƙa sunkuyawa," in ji Mai-Sawu. "Amma batun kasawa, kada in sake ji. Na je wurin, na bi shi taki-taki. Na ga inda ka saki, na ga inda ka jira kankare ya wuce. Wa ya koya maka?"

"Ba kowa. In ba fasinja nakan je fili bayan makaranta in yi ta gwadawa. Na gaba a hankali, sannan a ƙara. Na baya shi kaɗai. A kan yashi, a kan tsakuwa. Har dariya ake mini."

"Ashe."

Mai-Sawu ya miƙa hannu ya gyara masa bargo, abin da bai taɓa yi wa ko ɗan cikinsa ba. Auta ta juya fuska tana murmushi, tana share ido da bakin mayafi. Ya ga ta gani, sai ya tashi da sauri, ya ce zai je ya sha iska.

A baranda wani tsoho na zaune yana jiran a kira shi, bai san kowa a wurin ba. Mai-Sawu ya zauna kusa da shi. Suka gaisa. Can dattijon da mutane ke cewa sai an biya shi yake magana ya gyara murya, ya taɓa gwiwar tsohon.

"Malam, ka ji labarin mai babur ɗin da birki ya tsinke masa a bayan tirela?"

"A'a, ban ji ba."

"To gyara zama," in ji Mai-Sawu. "Surukina ne."